Ƙarar Turmi a Hanyar Sisawa

Har gobe akwai masu tare ni a bakin kasuwar Wurno su ce in sayar da babur ɗin nan in huta. Wasu don tausayi suke faɗa, wasu kuwa ƙararsa ce ke hana su barcin rana. Amsata ɗaya ce ga kowa: ba na sayarwa ba ne, wanda kunnensa ke ciwo ya nemi auduga. Na haura sittin, gwiwata ta dama takan yi gardama idan zan miƙe daga sallah, amma ita ce dai ke buga masa kik kowace safiya.

Shekarar da na ajiye aikin malamin gona na saye shi. Wani ɗan kasuwa ne a Sakkwato ya shigo da shi, ya kwanta masa a shago, don duk wanda ya gwada tura shi sai ya saki ya ce wannan sai wanda ya ci ya ƙoshi. Ƙirar Ingila ne, sabon ƙarfe amma da siffar irin na zamanin iyayenmu: baƙi wuluk, tanki mai zanen ruwan zinari a gefe, ƙatuwar fitila guda zagayayya, kujerar gaba mai sifirin da wata 'yar kujera a baya. Fistin ɗaya gare shi, babba, shi ya sa ba ya kuka irin na sauran babura. Shi bugawa yake yi, dum, dum, dum, a hankali. Ina yaro akwai wani malamin dabbobi da ke zuwa yi wa shanu allura da irinsa, mu bi shi da gudu har bakin gulbi, mu dawo da ƙaya a ƙafa. Tun lokacin na sa abin a raina, ban kuwa gaya wa kowa ba, don a gidanmu ba a faɗin irin wannan buri.

Gidanmu gidan malamai ne da ma'aikata. Ranar da na iso da babur ƙofar gida, babban wanmu, wanda duk muke kira Yaya, ya fito daga zaure. Tsohon alƙali ne, shi ne uban gidan tun rasuwar mahaifinmu, kuma ko da ya bar kotu, halin kotun bai bar shi ba. Ya zagaya babur ɗin hannu a baya kamar an kawo masa wanda ake tuhuma, ya ce kujerar bayan nan ko akuya ba za a ɗaure a kai ba, sannan ya tambaye ni ko na bar aikin gwamnati ne don in fara kabu-kabu.

"Yanzu kai da hurhurakka wanga abu za ka hau ka ratsa gari? Mi mutane za su ce da gidan ga?"

Na ce masa za su ce gidan ya yi babur. Bai yi dariya ba. Yaya ba ya dariya a gaban ƙannensa, gani yake tana rage kwarjini.

Babur ɗin ya wahalar da ni kafin mu saba. Ba a tayar da shi da gaggawa. Sai ka taka kik a hankali har ka ji ya cije, ka ɗan sassauta masa, sannan ka sauke nauyinka duka lokaci guda. In ka yi masa sakwa-sakwa sai ya rama, kik ɗin ya dawo ya doke ka a ƙwauri. Na daɗe ina ɗingishi ina ce wa mai ɗakina sanyin ƙashi ne. A rairayin Rimawa kuma ya taɓa kwanciya da ni a gaban masu sayar da kifi, sai da aka taru aka ɗaga shi, wani yana tambayata ko injin ban-ruwa ne na sa wa taya. 'Yan kabu-kabu suka sa masa suna tarakta. Sukan wuce ni fyuu a kan kwalta suna ɗaga mini hannu, ni kuma in same su gaba a gindin tudu suna sauke buhun albasa don injinsu ya kasa ja, in wuce ko giya ban canza ba, in mayar musu da gaisuwarsu.

Da shi na sake ganin ƙasar da na yi shekaru ina yi wa aiki. Da safe in bi hanyar Goronyo ta cikin gonakin shinkafa da tafarnuwa, in tsaya a dam in sayi kifi hannun masunta tun yana motsi. Wata rana in yi Rabah wurin tsofaffin abokan aiki, mu sha shayi mu yi ta ƙorafin taki da iri. Ba gudu nake nema ba. Shi ma ba ya son gudu, in ka matsa masa sai madubai su kama rawa har ba ka ganin komai a cikinsu. Tafiyar dattako yake so, wadda za ka riƙa jin kowace bugawa a ƙirjinka. Ina jin daɗin wannan ƙwarai, ban kuma taɓa jin kunyar faɗa ba.

Amma babbar tafiyarsa ta ranar Alhamis ce. Akwai ƙanwar mahaifinmu, Gwaggo, wadda ta goya ni bayan mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, ta riƙe ni har na isa shiga makaranta. Aure ya kai ta wani ɗan ƙauye a yankin Sisawa, can ciki bayan an sauka daga kwalta. Mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, yanar ido kuma ta rufe mata gani, sai dai ta bambanta haske da duhu. Yaya ya sha aikawa a ɗauko ta, har ɗaki ya gyara mata da fanka a Wurno, ta ƙi. Ta ce a ɗakinta ta san inda kowace ƙwarya take, a Wurno kuwa za ta zama kayan da ake matsarwa in za a yi shara. Abu ɗaya ta yarda da shi: muddin ina zuwa mata duk Alhamis da maganin hawan jininta da goro da ɗan kifi, a bar ta inda take. Ranar da na daina zuwa su zo su ɗauke ta, ba za ta yi gardama ba. Kowa a gidanmu ya san wannan magana, Yaya ya fi kowa saninta.

Ita ce ta raɗa wa babur ɗin sunan da ya bi shi. Zuwana na farko da shi ta sa na ɗora hannunta a kan tanki, ta shafa, ta ce in tayar ta ji.

"Wanga ai turmi na," in ji ta. "Tun kana hwadama nika jin shi, kamar mace mai ƙarhi na dakan hura."

Daga ranar, da ta jiyo Turmi daga nesa sai ta jawo ƙwarya ta fara dama fura, kafin in kashe inji ta gama.

Sai zamani ya juya mana. Ba sai na tsaya ba da labarin ɓarayin daji ba, duk wanda ke gabashin Sakkwato yana da nasa, wasu ma sun fi nawa ɗaci nesa ba kusa ba. Abin da ya shafi labarina shi ne a kan babura suke zuwa, ƙanana masu siririn kuka, irin waɗanda kowa ke hawa. Ƙarar babur da a da yara ke rugawa su tarye ta, ta koma abin da ake gudu a bar tuwo a kan wuta. Mutanen ƙauyen Gwaggo suka kafa wa kansu doka. Akwai wata tsamiya a gangaren shiga gari, duk mai babur, ɗan gari ko baƙo, a nan zai kashe inji ya turo da hannu. Wanda aka ji ya wuce tsamiya inji na kuka, ba da alheri ya zo ba.

Sau ɗaya na bi dokar. Daga tsamiya zuwa gari rairayi ne zalla, na tura Turmi har numfashina ya nemi ɗaukewa. Mai garin, wani dattijo mai raha, ya same ni zaune a ƙasa ina haki.

"Malam, naka bar shi shi shigo da bakinai," ya ce. "Babu mai irinai cikin daji. In munka ji shi mun san kai na, mun kuma san hanya lahiya lau."

Haka Turmi ya zama babur ɗaya tilo da ke shiga garin da ƙararsa. Mata a gona sukan ɗago kai su koma kan aikinsu.

Yaya bai san wannan ba, ko in ce bai saurara ba, don na gaya masa. Rabonsa da ƙauyen tun ta'aziyyar mijin Gwaggo. Abin da ya sani shi ne ƙanensa na hawa abin da ake ji daga nesa yana ratsa daji duk mako a rana guda, kamar mai shelar a zo a ɗauke shi. Ba zan ce ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Tsoro yake ji, Yaya kuwa in ya ji tsoro umarni yake bayarwa. Ya tara mu a zaure ya yanke hukunci: ko in sayar da babur, ko a rufe masa baki, ko, wanda ya fi so, in daina zuwa a ɗauko Gwaggo. Na durƙusa yadda aka koya mini, na ce na ji, amma ko ɗaya ba zan yi ba. Na ce an raba mu da gonakin nesa, an hana mu tafiyar yamma, an mai da mu masu leƙe kafin mu fita ƙofar gidajenmu. Alhamis ɗin nan ce ta rage mini, ba kuma zan miƙa ta da hannuna ba. Ya ce wannan taurin kai ne. Na ce gado na yi.

Da damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo, 'yata ta haihu a Sakkwato na tafi na yi kwanaki. Na bar Turmi wurin makanike a canza masa baƙin mai. Safiyar Alhamis na dawo, na wuce gareji kai tsaye da maganin Gwaggo a aljihu. Makaniken bai yarda mun haɗa ido ba. Na taka kik, inji ya tashi, sai na ji wani siririn kuka irin na kowane ɗan kabu-kabu. Na leƙa gefe. An cire doguwar salansarsa mai ƙyalli, an yi wa bututun walda da salansar ƙaramin babur, har an cusa mata wani abu a ciki don ta ƙara yin shiru.

Makaniken ya ce Alhaji babba ne, wato Yaya, ya zo da kansa ya tsaya a kansa har aka gama, ya kuma tafi da tsohuwar salansar a but ɗin motarsa. Ya ce shi wane ne da zai yi wa alƙali musu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na je gida, aka ce Yaya ya tafi ɗaurin aure Rabah, sai la'asar. Maganin Gwaggo ranar yake ƙarewa, waya kuma ba ta shiga ƙauyen sai an hau tudu, balle in aika saƙo. Na kuma san abin da rashin zuwana zai jawo mata. Na ce to, zan je, in tsaya a tsamiya kamar kowa, in jingine shi in ƙarasa da ƙafa.

A kan kwalta ba abin da ya same ni sai takaici, kamar mutum ya buɗe baki ya ji muryar wani ce ke fita. Abin da ba wanda ya yi tunani a cikinmu, daga Yaya har makanike har ni, shi ne ƙaramar salansa ba za ta iya da numfashin babban inji ba, zafi da girgizar hanya kuma sun riga sun tsaga waldar. Ina gangarowa wajen tsamiya na saki totur don in tsaya. Sai babur ya amsa: tas, tas-tas, tas. Na kashe shi da sauri, ya ƙara ɗaya bayan ya mutu. Duk wanda ya zauna yankinmu a shekarun nan ya san da me wannan ƙarar ta yi kama, musamman in ta biyo bayan kukan ƙaramin babur.

Na ji ihun wata mata daga cikin gari, sai motsin gero, sai shiru.

Na shiga da ƙafa ina ɗaga murya ina cewa ni ne, ni ne mai Turmi. Ba wanda ya amsa, don me kuwa za su yarda? Tukunya na tafasa a kan murhu ba kowa. Taɓarya a yashe a ƙasa, kaji na tsintar tsabar da ta zube. Ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Na shiga garin nan sau ba adadi, ban taɓa ganinsa haka ba.

Gwaggo kaɗai ce ba ta gudu ba. Na same ta zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, ta ja mayafi ta rufe kai, carbi a hannu, ƙwaryar fura a kife a gefenta. Daga baya maƙwabciyarta ta gaya mini ta kama hannunta za ta ja ta cikin gero, ta fizge. Na yi sallama.

"Wane na?"

"Ni na, Gwaggo."

"Ƙarya kaka yi. Nawa ba shi zuwa sai da Turmi."

Na durƙusa na kama hannunta na ɗora a fuskata. Ta shafa goshina har ta sami tabon ciwon da na ji ina ƙarami, ranar da na faɗo daga kan jakin mijinta. Sai a lokacin ta yarda ni ne.

"Yau Alhamis ta," ta ce. "Da nij ji sun biyo hanyakka, ga lokacinka, nic ce sun gama da kai kahin su iso. To in sun kashe ka, gudun mi za ni yi?"

Kuka na yi, ni da furfurata, a ƙofar ɗakin da aka raine ni.

Sai wajen azahar mutane suka fara fitowa daga gero ɗaya bayan ɗaya. Wata mai tsohon ciki ta gurɗe ƙafa. An yi ta neman wata ƙaramar yarinya kafin a same ta kwance tsakanin kunyoyi, ta yi kuka har barci ya ɗauke ta. Ba wanda ya zage ni, da sun zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Mai gari ya zo, babu rahar nan tasa, ya ce ya san ba da gangan ba ne, amma kada in sake kusantar garin da babur ɗin sai ranar da bakinsa ya dawo. In ba zai dawo ba, in yi haƙuri in riƙa takowa daga kwalta. Daga kwalta zuwa can ba tafiyar gwiwata ba ce, shi ma ya sani.

Na koma Wurno na nufi wurin Yaya kai tsaye. Bayan la'asar ne, lokacin da Yaya ke zama a zaure da abokansa, tsofaffin ma'aikata, suna warware matsalolin duniya da baki. Na shiga na durƙusa na gaishe su, na ba shi labari tun daga tsamiya har maganar Gwaggo, na roƙi salansata. Ya saurara yadda ya saba sauraron shaidu. Ya ce ya yi baƙin ciki, amma wannan ya ƙara nuna garin ba wurin zaman tsohuwa ba ne, salansa kuwa tana ɗakinsa a kulle. Ɗaya daga cikin abokansa ya ƙara da cewa mutanen ƙauye ma akwai su da firgita a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na ce na gode, na fita. Na tura babur har ƙarshen layi, na tayar, na zagaya ta bayan masallaci na ba su lokaci su manta da ni, sannan na dawo ta ɗaya ɓangaren. Na ba shi wuta, daidai ƙofar zaure na saki totur, ya yi abin da ya yi a tsamiya har da ƙari.

Ban taɓa sanin dattawa na da irin wannan sauri ba. Mai maganar firgitar mutanen ƙauye ta taga ya so fita, tagar kuwa ko kyanwa sai ta yi dabara. Wani ya afka cikin gida har wurin mata ba sallama. Butar shayi ta kife a kan darduma. Yaya na hango a bayan ƙyaure, hularsa a ƙasa. Na kashe inji, na shiga na sake durƙusawa inda na tashi.

"Yaya, wanga cikin Wurno na, da rana, ga maƙwabta ko'ina, kuma kuna da idanunku. Gwaggo ba ta gani."

Maƙwabta na bi su gida-gida na ba su haƙuri, don ba ruwansu. Yaya da abokansa kuwa ban ba su ba, ba kuma zan bayar ba. Yaya ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe ya shige gida. Washegari na buɗe ƙofa na tarar da salansata jingine a bango, an naɗe ta da buhun taki. Daga nan ya daina yi mini magana sai amsa gaisuwa, ita ma a taƙaice. Abin ya yi mini zafi, don ina son Yaya, amma ban je lallashi ba.

Alhamis ta gaba na gangara tsamiya a giya ta ɗaya, a hankali, na bar Turmi ya yi ta bugawa yadda kowa zai ji ya tabbata. Wata mata a gona ta ɗago, ta sa hannu a goshi ta dube ni, ta koma kan aikinta. Mai gari ya ɗaga mini sanda daga inuwar da yake zama. Na sami Gwaggo ta riga ta dama fura, har tana yi mini faɗa wai na makara.

Ta ci gaba da zama a ɗakinta. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka shiga rani, ban fasa Alhamis ko ɗaya ba. Akwai ranakun da akan tare ni a bakin kwalta a ce hanya ba kyau yau, in zauna in jira har a ce ta yi kyau, in wuce. Tsoro ina jin sa, ban taɓa cewa ba na ji ba. Na dai ƙi yarda shi ne zai zaɓa mini inda zan je.

Wata safiya cikin bazara, ba Alhamis ba, wayata ta yi ƙara. Mai gari ne, ya hau tudu. Gwaggo ta yi sallar asuba ta koma ta kwanta, maƙwabciya ta kai mata kunu ta tarar rai ya yi halinsa, a ɗakinta, a kan gadonta. Ya ce za su jira mu, amma akwai magana ɗaya. Ya san za mu zo da yawa, mota kuma ba ta shiga, dole sai babura. Tarin ƙananan babura kuwa in suka nufo garin, ko an yi shela mata da yara ba za su tsaya ba, balle gidajen da ke kan hanya waɗanda ba su ji rasuwar ba. Turmi ya shige gaba, in ji shi, sauran su biyo baya, yau ba sai an kashe inji a tsamiya ba.

Na fito da babur ƙofar gida. 'Yan uwa sun taru, an kira 'yan kabu-kabu, ana ta raba wa zai hau bayan wa. Yaya ya fito da farar riga, idanunsa jajur. Wani ɗan kabu-kabu ya matso masa da babur mai laushin kujera, ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Ya zo gefen Turmi, ya tattara babbar rigarsa, ya dafa kafaɗata ya hau 'yar kujerar bayan nan. Muka shige gaba, sauran na biye, har muka sauka daga kwalta.

Da muka kusa gangaren na sassauta totur yadda na saba, sai kukan baburan da ke bayanmu ya taso ya rufe namu. A bakin wata rijiya na ga wata mata ta saki guga ta cafki hannun 'yarta. Yaya ma ya gani. Ya matse kafaɗata, ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Ƙara mai wuta," ya ce. "Bari su ji mu na."

Na murɗa totur. Turmi ya buɗe baki, dum, dum, dum, ya danne duk kukan da ke bayanmu. Matar ta saki hannun yarinyar ta tsaya tana kallonmu. Muka wuce tsamiya inji na bugawa, muka shiga gari, maza na tsaye a ƙofar gidan ba wanda ya motsa daga inda yake. Na kashe shi inda na saba kashewa. Ƙofar ɗakin a buɗe take, tabarmar na nan a shimfiɗe, ba wanda ya dama fura.